Wutar da Ke Bayan Hoton Umma

A gidanmu idan abu ya lalace ba gyara shi ake yi ba, rufe shi ake yi. Bangon falo ya tsage, Baba ya rataya kalanda a wurin. Kujera ta yage, aka ce in ɗinka mata riga, tunda dama sana'ata ke nan, ɗinkin labule da rigunan kujeru. Mota ta fara wani ƙara a ƙasa, Baba ya ƙara muryar rediyo. Haka muka taso, har muna yi wa abin dariya.

Baba direba ne tun kafin a haife ni. Motar ma'aikatan wani kamfani ya ja har ya yi ritaya, sannan ya mallaki tasa, wata tsohuwar mota ruwan toka mai ƙofa huɗu, wadda yake gogewa kullum safiya ko da ba inda za shi. A dashbod ɗinta, gefen mitar gudu, akwai wata 'yar wuta ruwan lemo mai siffar inji. Ranar da ta fara kamawa Baba ya tsorata, ya garzaya gareji. Bakanikenmu, wanda kowa ke kira Dogo, ya zagaya motar, ya murɗa murfin tankin mai da kyau, ya ce a je a gani. Bayan 'yan kwanaki wutar ta mutu don kanta. Ashe murfin ne kawai bai rufu ba. Tun daga ranar Baba ya yanke mata hukunci, ya ce maƙaryaciya ce.

Da ta sake kamawa, bayan rasuwar Umma, ko hanyar gareji bai kalla ba. Ya ɗauko wani ƙaramin hoton Umma, irin na fasfo, ya soke shi a bakin gilashin mita, daidai kan wutar.

"Gara in riƙa ganin fuskar uwarku da in riƙa ganin wannan munafukar," in ji shi.

Dogo ya yi ta magana, ya ce a kawo motar ya jona mata kwamfuta a ji abin da take faɗa. Baba ya ce shi da ya tsufa a kan sitiyari ba zai tsaya wata kwamfuta ta karanta masa motarsa ba, kunnensa ya ishe shi. Da Dogo ya gaji sai ya ƙyale shi.

Daga baya ciwon suga ya cinye idon Baba, ya bi ya taɓa ƙodarsa. Makullin mota ya dawo hannuna, domin yayana yana wani gari mai nisa, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne "Allah ya ƙara sauƙi" ta waya. Ni nake rufe shago in kai Baba wankin ƙoda sau biyu a mako, a babban asibitin da ke garin gaba da mu, tafiyar da ke cinye rabin safiya. Duk ranar da ya shiga motar, kafin ya ja bel, sai ya miƙo hannu ta gabana, ya zura ta cikin sitiyari, ya lalubi hoton da ɗan yatsa. Ba ya ganinsa, amma sai ya taɓa hankalinsa ke kwanciya.

A makon da abin ya faru, wankin farko bai yiwu ba. Injin tace ruwan asibitin ya lalace, aka sallami kowa. Ruwa ya taru a jikin Baba, fuskarsa ta kumbura, takalminsa ya ƙi shiga, sai silifas ɗin wanka na sa masa. Amma tambaye shi yaya jiki ka sha mamaki.

"Da sauƙi."

Baba ko a kan gadon mutuwa ka same shi ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka, ya kuma tambaye ka ya iyali.

Ana gobe za mu koma, Sista mai kula da ɗakin wankin ta kira ni.

"Ki kawo shi a rukunin safe, kuma don Allah kada ku makara," in ji ta. "Duk waɗanda aka sallama sun dawo sun taru a kanmu. In na kira sunansa ba ya nan, wani zan ɗora, ba zan bar inji a zaune ba. In kuwa ya rasa wannan, sai wani makon."

Na ajiye wayar na kalli ƙafafun Baba da ke kan ɗan tebur. Na danna ɗan yatsa a ƙaurinsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ba sai likita ya faɗa min ba, na san mutumin nan ba zai kai wani makon ba.

Gari na wayewa muka fita. Da ƙyar na saka shi a mota, yana cewa in daina riƙe shi kamar jariri. Ya taɓa hoton Umma, ya ja bel, ya murɗa rediyo har ƙarshe. Na rage, ya sake ƙarawa. Na ce a raina yau kuma rigimar da aka tashi da ita ke nan, na ƙyale shi. Muka wuce shagunan da ba a buɗe ba, muka wuce gidan mai da gada, muka hau babbar hanya, gonaki dama da hagu, busasshiyar ciyawa ta cika gefen titi.

Mun wuce rabin hanya, muna hawa wani tudu, sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. Na taka totur, motar ta yi tari, ta ƙi ɗaukar gudu. Kujerar da nake kai tana karkarwa. Sai ga wani wari ya shigo ta taga, irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Idona ya faɗa kan hoton Umma. Na saba ganin ɗan haske a bayansa, wanda ke sa fuskarta ta yi ja-ja kamar mai zaune kusa da fitila, har na daina lura da shi. Amma hasken bai taɓa motsi ba. Yau fuskar Umma haske take yi tana dushewa, tana haske tana dushewa.

"Baba, wutar nan tana wani abu."

"Wace wuta?"

"Ta bayan hoton Umma."

"Rabu da ita, yau ta fara? Gurɓataccen mai suka zuba miki. Sauko giya ki ba ta wuta."

Na sauko giya, rawar ta ƙaru. Na lalubo wayata na kira Dogo, na sa ta a amsa-kuwwa, na kashe rediyon Baba ko ya so ko ya ƙi.

"'Yar Baba, lafiya da sassafe?" in ji Dogo.

Na faɗa masa rawar, na faɗa masa wutar.

"Tsaye take ko ƙiftawa take?"

"Mene ne bambancin? Wuta ai wuta ce."

"Ba ɗaya ba ne. Cire hoton nan ki duba da kyau."

Na zare hoton na riƙe shi tsakanin yatsuna. Rabona da ganin wutar ido da ido har na manta kamanninta. Ga ta nan 'yar mitsitsiya, tana kamawa tana mutuwa.

"Ƙiftawa take."

"To ki tsaya. Yanzu-yanzu ki tsaya." Muryar Dogo ta canza. "In tsaye take, wannan lallaɓawa ake yi a kawo gareji yau ko gobe, ƙila ma ƙaramin abu ne. Amma in tana ƙiftawa, fulogi ne ko koyil ya daina ba da wuta. Man da ke shiga wurin ba ya ƙonewa, ɗanye yake wucewa cikin salansa, a can yake ci. Tukunyar salansar sai ta yi jawur kamar garwashi. Kina jin wari?"

"Kamar ƙwai ya lalace."

"Innalillahi. Kashe ta, ki faɗa min inda kuke in taho a babur."

"Yaushe za ka iso?"

Ya tambayi inda muke, na kwatanta masa.

"Kai, kun yi nisa," in ji shi.

Baba ya karkato kansa wajen wayar. Maganarsa a gutsure take fita, amma isar tana nan yadda take.

"Kai Dogo, tun kana wanke spana nake jan mota. Wannan ba wutar nan ba ce ta murfin tanki?"

"Ita ce, Baba, amma ba magana ɗaya take yi ba. Wancan karon tsaye take. Yanzu ihu take yi muku."

"Ihun banza. Uwata, kashe wayar nan mu tafi."

Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma idan ya faɗe shi da wannan muryar to umarni ne. Na kashe wayar. Na duba madubi, na duba gaba. Manyan motoci ne ke wucewa a guje, sai ƙananan da suka cika maƙil da mutane. Wa zai tsaya ya ɗauki tsohon da ba ya gani, ba ya iya taku goma? In na kashe motar nan na zauna jiran Dogo, kafin ya iso Sista ta ɗora wani. In na ci gaba, ƙila mu kai, ƙila kuma Baba ne mai gaskiya. Tsoro biyu suka haɗu min har na rasa wanda ya fi wani, kuma a cikin maganar mutum biyun nan ta Baba ce kaɗai ke kai mu asibiti a kan lokaci.

"Mayar da hoton uwarki," in ji Baba.

Na mayar. Na soke shi a inda yake, domin ni ma a lokacin ba na son ganin wutar.

Muka ci gaba da rarrafe a gefen titi. Manyan motoci suna zuba mana hon, wani direba ya leƙo ya zage ni, na rama masa da abin da ya fi nasa. Ina ta roƙon motar a fili kamar mutum, ina cewa yi haƙuri, saura kaɗan, ki kai mu yau kawai, gobe in kai ki gareji da kaina. Fuskar Umma na ta haske tana dushewa. Warin ya cika motar har idona na yaji, ƙasan kujerata ya ɗauki ɗumi.

Wayata ta yi ƙara. Sista ce.

"Kuna ina? Na fara ɗora mutane."

"Mun kusa, Sista, don girman Allah ki ɗan jira mu."

"Ki yi sauri, akwai wanda ke zaune tun asuba yana kallon gadon nan."

Ko rufe bakinta ba ta gama yi ba, motar ta yi wata ƙara a ƙasa kamar an fasa leda, ta saki gaba ɗaya. Totur ya zama fanko. Wata tirela na tafe a bayana tana hon, don haka na karya sitiyari na gangara da sauran gudun da ya rage, na sauka daga kan kwalta, na tsaya can cikin ciyawa inda ba mai buge mu. Na murɗa makulli, ta yi gurnani ta ƙi tashi. Na sake murɗawa.

Dogo ya sake kira.

"Kin tsaya?"

"Ta tsaya da kanta."

"To, na taho. Amma ki ji, duk abin da za ki yi kada ki ajiye ta a kan busasshiyar ciyawa."

Na buɗe ƙofa na leƙa ƙasa. Hayaƙi ne ke fitowa daga ƙarƙashin motar, fari, siriri, kuma ina jin ciyawa tana ƙas-ƙas.

Ban san lokacin da na zagaya ɓangaren Baba ba. Bel ɗinsa ya maƙale, na yi ta fizga ina zagin wanda ya ƙera shi har ya saki. Na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa na ja. Baba ba mai jiki ba ne, amma ruwan da ya tara ya sa ya yi nauyin da ban taɓa ji ba. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Na ja shi da baya-baya, dugadugansa na jan ƙasa, silifas ɗaya ya fita ban tsaya ɗauka ba. Yana cewa, "Mene ne? Uwata, mene ne?" ni kuwa ba ni da numfashin amsawa. Na hau da shi kan titi, na ja shi gaba sosai, na zaunar da shi a kan wani dakalin kwalbati.

Na koma da gudu na buɗe but ɗin bayan motar. Akwai abin kashe gobara a ciki, ɗan ja, wanda Baba ke ajiye da shi don nuna wa jami'an hanya. Na zare fil na matsa, ya yi tsaki ɗaya ya yi shiru. Na yi jifa da shi. Wuta ta riga ta fito ta gefen taya, ta kama ciyawar da ke kewaye. Na buɗe ƙofar baya na fizgo jakata, wadda katin asibitin Baba ke ciki, zafi ya mare ni a fuska, na ja da baya. Sai da na dawo wurin Baba na tsuguna sannan na tuna da hoton, lokacin kuwa baƙin hayaƙi ya cika gaban motar.

Motoci suka fara tsayawa. Wasu suna watsa ƙasa, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka kamar an kawo musu wasa. Wani abu ya fashe da ƙarfi.

"Me ya yi ƙara haka?" in ji Baba.

"Taya ce."

Bai sake tambaya ba. Ya juya fuskarsa wajen da zafin ke fitowa, ya bar ta a nan. Motar da ya saba gogewa kullum safiya ce ke ci a gabansa, yana jin ta da hanci da kunne. Na so in yi kuka amma ba lokaci.

Na miƙe na shiga tsakiyar mutanen ina ihu.

"Ku bar motar nan ta ƙone! Asibiti nake so a kai min shi! Wankin ƙoda za a yi masa, za a ba wani gadonsa! Ba mai taimako a cikinku sai ɗaukar hoto?"

Suka yi ta kallona. Sai wani mutum mai furfura a gemu ya matso, ya nuna wata a-kori-kura da ke tsaye, an ɗora mata sababbin katifu a cikin leda.

"Garin zan shiga," in ji shi. "Gaba cike yake da kaya, amma ku kwantar da shi a baya kan katifa, ya ma fi masa daɗi."

Maza suka kama Baba suka ɗora shi, na hau na zauna kusa da shi. Suka kwantar da shi a kan katifar sama, mai katifu ya ja mota. Ba mu yi nisa ba na ga Baba yana fafutuka, hannunsa na yaƙushin leda, bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun yi duhu.

"Ɗaga ni," ya ce da ƙyar. "Ɗaga ni."

Na ɗago shi na zauna a bayansa, na jingina shi da ƙirjina na rungume. A nan, kunnena a bayansa, na ji abin da ban ji ba duk safiyar. Ƙirjinsa ƙara yake yi, ƙur-ƙur, kamar butar shayi ta fara tafasa. Sai na gane dalilin da ya sa yake ta ƙara muryar rediyo a mota. Na kuma tuna kwanakin nan duk safiya a kujerar falo nake samunsa, yana cewa ya tashi da wuri ne don jin labarai.

"Baba, a kujera kake kwana?"

"Ba komai."

"Tambayarka nake yi. In ka kwanta ba ka iya numfashi, ko?"

"Da sauƙi, Uwata."

Raina ya ɓaci har na ji kamar in girgiza shi. Iska na dukan fuskata, hawaye na gudu zuwa kunnena, na ce, "Wallahi Baba ka cuce ni. Gida ɗaya muke, kana shaƙewa a falo ina barci a ɗaki, ka rasa wanda za ka ɓoye wa sai ni?"

Ya ja numfashi da ƙyar.

"Ɗawainiyar ta yi miki yawa," in ji shi.

Na buga rufin motar da tafin hannu na ce wa mai katifu ya ƙara wuta.

A ƙofar asibiti muka sami keken marasa lafiya mai karkatacciyar taya. Mai katifu ya taimaka muka ɗora Baba, ban ma tsaya yi masa godiyar kirki ba. Na tura keken ta doguwar baranda, yana ja hagu ina mayar da shi dama, mutane na kaucewa suna toshe hanci saboda ƙaurin da muke yi. Benci biyu na ƙofar ɗakin wankin cike suke da masu jira. Na tura ƙofar da kafaɗa.

Injinan a jere suke, kowanne da mutum a gefensa. A gadon da ke kusa da taga, wanda Baba ya saba hawa, wani mutum ne kwance, jininsa ya riga ya cika robobin injin yana zagayawa. Matarsa na zaune a gefe. Muka haɗa ido, ta sunkuyar da kai.

Sista ta taho tana cire safar hannu. Ta kalli fuskata da ta yi baƙi, ta kalli ƙafar Baba ɗaya da ba takalmi.

"Na jira ku iya jira," in ji ta.

Na durƙusa a gabanta, a tsakiyar ɗakin, ban damu da masu kallo ba. Na ce motarmu ce ta ƙone a hanya. Na ce ta dubi Allah ta dubi tsohon nan. Na ce rukunin rana fa? Ta ce cike yake, na gobe ma cike yake, kuma kowa a kan bencin can haka yake roƙonta tun safe.

"Tashi, don Allah tashi," in ji ta. "Akwai inji ɗaya a ciki da muke ajiyewa don gaggawa. Ba ni da ikon ɗora kowa a kai sai likita ya ce mutum ba zai iya jira ba. Bari in kira shi."

Likitan ya fito, idanunsa jawur don gajiya, wasu mata biyu daga benci sun biyo shi kowacce tana faɗin nata. Na fara zuba masa bayani, ya ɗaga min hannu.

"Kowa a nan cewa yake nasa ya fi tsanani," in ji shi. "Bari in ji daga bakinsa."

Na juya na kalli Baba. Jin an ce likita, ya miƙe zaune sosai a cikin keken. Ya gyara wuyan rigarsa, ya ɓoye ƙafar da ba takalmi a bayan ɗayar, ya rufe baki yana danne numfashinsa, har da ɗan murmushi. Na san wannan zaman. Shi ne zaman da yake yi wa baƙi.

Likitan ya sunkuya.

"Baba, yaya jikin? Za ka iya haƙuri zuwa wani makon?"

Na san abin da zai ce. Tun da nake ban taɓa jin ya ba wannan tambayar wata amsa ba. In ya faɗa, likitan zai dafa kafaɗarsa ya wuce wurin na gaba, ni kuma in tura shi waje, ba mota, ba gado, in kai shi gida ya koma kujerar falo. Na riƙe hannun keken har yatsuna suka yi zafi.

"Da sau…" in ji Baba.

Sai ya tsaya. Murmushin ya tafi. Ya saki kafaɗunsa, ya buɗe baki, numfashin da yake dannewa ya fito da ƙararsa, kowa a wurin ya ji.

"Likita, ba sauƙi," ya ce. "Ba na iya kwanciya. In na kwanta ruwa nake sha. A zaune nake kwana tun farkon makon nan, yarinyar nan ba ta sani ba. Jiya na ɗauka ba zan ga safiya ba." Ya haɗiyi iska. "Ba zan kai wani makon ba."

Likitan ya sa abin awonsa a bayan Baba, ya saurara a dama, ya saurara a hagu. Ya miƙe da sauri.

"Sista, ku shigar da shi yanzu."

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da wata mata ta kama hannuna ta tashe ni.

Suka ɗaga masa kan gado ya zama kamar kujera, suka sa masa robar iska a hanci, suka jona shi. Na zauna a gefe ina kallon jininsa yana fita yana shiga injin yana dawowa. A hankali ƙarar ƙirjinsa ta fara raguwa. Dogo ya kira ya ce ya iso wurin, babu abin da ya rage sai ƙarfe. Na ce masa na gode, na kashe.

Can sai Baba ya ɗaga hannunsa da ba allura, ya miƙa shi gaba yana lalube a iska, yadda yake yi idan ya shiga mota.

"Uwata, hoton uwarki yana wurinki?"

Hannuna na cikin jaka, a kan katin asibitinsa. Girmansa da na hoton kusan ɗaya, kaurinsu ɗaya. Da na sa masa shi a yatsu zai shafa, ya yi ajiyar zuciya, ya yi barci. Har na fara zaro shi, sai na mayar.

"Ya ƙone, Baba. Yana inda ka ce in mayar da shi."

Hannunsa ya tsaya a iska, sannan ya sauko a hankali kan bargo. Hawaye ya gangaro masa ta gefen robar hancin, bai goge ba. Na kama hannun na riƙe.

Muna nan zaune sai injin ya fara ƙara, ƙit, ƙit, ƙit. Baba ya juyo da kunnensa.

"Wannan ƙarar fa?"

"Wata 'yar wuta ce ta kama a jikin injin."

"Tsaye take ko ƙiftawa take?"

Na duba.

"Ƙiftawa take."

"To me kike jira? Kira Sista."

Na saki hannunsa na fita da gudu.